Maƙera, Fada da Kuɗin Gwaji: Tarihin Ƙera Kayan Yaƙi daga Ƙasar Wudil

Ƙera kayan yaƙi a ƙasar Kano sana'a ce da ta girmi sarautar kanta, kuma tun fil azal a hannun ƙananan masu sana'a take: maƙeri da 'ya'yansa da ɗan zuga a rumfa guda, baduku da yaransa, maɗinkin lifidi a zaurensa. Mai mulki saye yake yi, ko ya sa a yi masa. Don haka rabin tarihin sana'ar na ƙarfe ne da wuta, ɗaya rabin kuma na biya ne: me hukuma take biya, ta hannun wa, a wane lokaci, kuma wa asara take hawa idan aiki bai yi kyau ba. Ƙasar Wudil, wadda take kimanin kilomita 40 kudu maso gabas da birnin Kano, a inda hanyar Maiduguri ta ƙetare kogi, ta ga kusan kowane mataki na wannan tarihi.

Labarin da aka gada a Kano ya ce mutanen farko da suka zauna a gindin Dala maƙera ne da suka taso daga Gaya suna neman tama, kuma zuriyarsu su ne Abagayawa. Gaya maƙwabciyar Wudil ce ta gabas, har yau kuma wanda ya taso daga can zai shiga birni ta gadar Wudil yake bi. Masu tonon kayan tarihi sun sami ragowar murhun narka tama a Dala da aka ƙiyasta shekarunsa zuwa ƙarni na 7 na Miladiyya, wato ɗaruruwan shekaru kafin Bagauda, sarkin Kano na farko. Wannan ya ƙarfafa abin da baki ya riƙe, cewa ƙarfe ne ya fara tara mutane a wurin.

Maƙerar gargajiya ba ta canza siffa sosai ba daga wancan zamani zuwa wanda ake gani a ƙauyukan Wudil a yau. Rumfa ce mai ƙasa-ƙasa, maƙeri yana zaune, uwar maƙera a kafe a gabansa, masaba a dama, awartaki a hagu. Yaro yana gefe yana danna zuga-zugin fata hannu bi da hannu, gawayi yana ja yana fari. Babu ma'aunin zafi sai ido: launin ƙarfen ne yake gaya wa maƙeri lokacin duka da lokacin tsomawa a ruwa, kuma wannan sani ba ya rubuce a ko'ina, a hannun uba ɗa yake ɗaukarsa cikin shekaru. Hausawa sun raba sana'ar gida biyu, maƙeran baƙi masu aikin ƙarfe, da maƙeran fari masu azurfa da tagulla da farin ƙarfe. Na baƙi su ne masu fartanya da garma da lauje da gatari, su ne kuma masu mashi da kan kibiya da barandami da linzami da likkafa da ƙaimi. Maƙera guda ce take ciyar da gona da fagen fama. Da bazara ta gabato aikin noma ne a gaba, da kaka ta wuce aka fara shirin hari sai aikin ya juya.

Littafin Tarihin Kano, wanda ya jera sarakuna tun daga Bagauda, ya kula ƙwarai da ambaton sarkin da ya fara kawo wani sabon kayan yaƙi. Ya ce Kanajeji, wanda ya yi sarauta daga wajen 1390 zuwa 1410, shi ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. Ya ce a zamanin Kumbari, 1731 zuwa 1743, aka kawo garkuwoyi daga Nufe da kuma bindigogi. Babba Zaki, 1768 zuwa 1776, shi ne na farko da ya ajiye 'yan bindiga masu tsaron sarki. Abin lura a nan shi ne, a mafi yawan waɗannan wurare littafin maganar shigowa da abu daga waje yake yi. Sarki ya gani, ya saya, sannan masu sana'ar gida su koyi gyarawa da kwaikwayo. Sulke, rigar da aka saƙa da ƙananan zobban ƙarfe, mafi yawansa ta Sahara yake zuwa, na gida sai faci da gyara. Lifidi kuwa ya zama ɗan gida sarai: ƙyalle ne ake cusa masa auduga a ɗinke shi layi-layi ya rufe doki da mahayi, kibiya ta shiga ta maƙale. Kafin barde ɗaya ya hau ya fita sai aikin maɗinki da baduku da masassaƙin sirdi da maƙerin baƙi da na fari ya haɗu a jikinsa da jikin dokinsa. Kuɗin wannan duka daga haraji yake fitowa, kuma littafin bai ɓoye ba cewa Kumbari ya matsa wa kasuwar Kurmi da karɓa har ta kusa mutuwa, fatake suka koma Katsina.

Hanyar da fada take bi ta kai ga maƙeri ita ce sarautar sana'a. Sarkin Maƙera ne tsani. Shi yake tara kuɗin sana'a daga maƙera, shi yake raba gardama a tsakaninsu, shi kuma ake kira idan sarki yana bukatar masu da kibau, ko sarƙoƙi da mari na gidan yari, ko ƙarafan ƙyauren ƙofofin gari. Sai ya aika a tara maƙera su yi aikin sarki. Haka tsarin yake sauka ƙasa. Ƙasar Wudil tun bayan jihadi tana hannun Joɓawa, zuriyar Malam Bakatsine wanda mazauninsu yake Utai, kuma su ne suke riƙe da sarautar Makaman Kano, ɗaya daga cikin masu zaɓen sarki. Hakimi irin Makama, idan aka buga tambarin yaƙi, da dawakinsa da barorinsa da dakarun garuruwansa yake fitowa, kuma shirya su nauyinsa ne. Ta haka bukatar fada take isa rumfar maƙerin ƙauye ta hannun dagaci da sarkin maƙeran gari.

Ladan aikin sarki ba ciniki ba ne irin na kasuwa. Ciyarwa ce, da kyautar riga ko rawani, da kariya, da alfarmar kusanci da masu mulki. Tsarin ya iya abu guda ƙwarai, wato tara kaya masu yawa iri ɗaya cikin ɗan lokaci. Inda ya gaza shi ne wajen sabon abu. Maƙerin da ya ga wata dabara yana son ya jarraba, ƙarfensa zai ƙona, gawayinsa zai ƙare, kwanakin da zai yi fartanyar sayarwa su zai kashe, in abin ya fashe kuma ba mai mayar masa. Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai, amma a wannan tsari ba a ware wa gwajin ko wuri ɗaya ba. Wannan giɓi shi ne zaren da ya ratsa tarihin tun daga nan har zuwa yau.

Ba wai shugabanni ba su san darajar masu sana'a ba ne. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a littafinsa Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya sa kula da masu sana'a cikin wajiban shugaba, ya ambaci manoma da maƙera da maɗinka da marina da masassaƙa, ya ce a zaunar da su a kowane gari. Manufarsa ta ribaɗi, wato kafa garuruwan tsaro a bakin iyaka, ta tafi da wannan tunani. A kudu maso gabashin Kano bukatar ta zama ta gaske daga shekarun 1840, lokacin da Malam Hamza da jama'arsa suka bar Tsakuwa kan rikicin haraji suka shige duwatsun Ningi. Daga nan har ƙarshen ƙarnin Ningawa ba su daina kai hari ƙasar Kano ta wannan kusurwa ba, kuma garuruwan da suke tsakanin kogin Wudil da duwatsu sun rayu cikin ganuwa da shiri. Garin da yake cikin irin wannan hali ba ya zama babu maƙeri.

Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda ya zauna a Kano a 1851, ya bar lissafin da yake nuna inda ƙarfin masu sana'ar Kano yake da inda ya tsaya. Ya ƙiyasta cewa ruwan takobi 50,000 ne suke shigowa kasuwar Kano a shekara, kusan duka ƙirar garin Solingen na Jamus, kowanne a kan wuri 1,000. Kaɗan ne suke zama a ƙasar. Sauran a Kano ake sa musu ƙota da kube, a sake fitar da su zuwa ga Buzaye da Barebari da Nufawa, ribar wannan aiki kuma ta mutanen gari ce. Ya kuma ce ƙarfen da ake narkawa a Kano bai kai na ƙasar Mandara kyau ba, kuma Sarkin Kano yana iya fitar da dawaki 7,000 da dakaru sama da 20,000. Wato ɓangaren da ya fi wuya, ƙarfe mai tauri da lanƙwasa wanda ba ya karyewa, sayensa ake yi. Ɓangaren ado da haɗawa kuwa Kano ta gagara a kansa. Ciniki ne mai riba, sai dai ya bar makamin ƙasa a hannun ayarin raƙuma.

Bindiga ta fi takobi tona wannan rauni. Barth ya ce kaɗan ce take shigowa Kano a zamaninsa. Kafin shi, Hugh Clapperton, wanda ya ga rundunar Muhammadu Bello tana yaƙar Gobirawa a 1826, ya ƙiyasta mayaƙan da dubun-dubata amma masu bindiga a cikinsu 'yan ƙalilan ne. Bindigar zamanin irin wadda ake kira harba-ka-ruga ce a yau: a zuba albarushi ta baki, a danna tsumma, a sa harsashi ko gutsattsarin ƙarfe, a sake dannawa da sanda, sannan ƙanƙara ta ba da wuta. Kafin a sake ɗurawa mai doki ya iso. Maƙeran gida sun iya gyara kunamarta, sun iya sassaƙa mata ƙota, ana kuma haɗa albarushi a gida, amma bututun da zai jure wuta sau ɗari bai tsage ba ya fi ƙarfin ƙarfen da suke da shi. Akwai kuma dalilin siyasa. Sarakunan ƙarshen ƙarni na 19 sun tsare bindiga a hannun bayin sarki, ƙarƙashin manyan bayi irin su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama, don kada hakimai su yi ƙarfin da zai tsorata fada. Makamin da ake tsoron ya yaɗu, ba a sakin iliminsa ga maƙeran ƙauye.

Ƙasashe biyu sun nuna cewa wata hanyar tana yiwuwa. A Damagaram, Sarki Tanimu, wanda ya mulki Zinder daga shekarun 1850 zuwa 1884, ya tara maƙera a ƙarƙashin fada ya sa su zuba igwa da haɗa albarushi. Igwoyin ba su da tabbas, wasu sukan fashe a kan masu harba su, amma sarkin ya ɗauki asarar ya ci gaba, har Damagaram ta zama abin tsoro ga Kano, kamar yadda hare-haren Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga na ƙarshen shekarun 1890 suka nuna. Can yamma kuma Samori Ture ya sa maƙeransa sun koyi gyara bindigogin Faransa masu ɗuri ta baya, har suka riƙa ƙera irinsu da hannu. Maƙeran Zinder da na Samori ba su fi na Kano hannu ba. Abin da suka samu shi ne mai mulkin da ya ciyar da su, ya ba su ƙarfe, ya yarda a lalata kafin a iya.

Kano kuwa ƙarfinta ya tafi a yaƙin cikin gida. A Basasar da ta ɓarke a 1893, Yusufawa, wato magoya bayan Yusufu mai neman sarauta, sun fice daga birni suka kafa sansani a Takai, suka mamaye garuruwan kudu maso gabas. Yusufu ya rasu a Garko, kusa da Wudil, ƙaninsa Alu ya karɓi jagoranci ya ci birni a 1894. Alu ya ƙara yawan 'yan bindiga, amma lokaci ya ƙure. Tun 1890 ƙasashen Turai suka yi yarjejeniya a Brussels ta hana sayar wa mafi yawan Afirka bindigogin zamani. Ranar 3 ga Fabrairu 1903 rundunar Kanar Morland, 'yan ɗaruruwan sojoji da igwa huɗu da bindigogi masu ruwa huɗu, ta fasa ƙofa ta shiga Kano, Sarki Alu yana Sakkwato. Dawakin da suka dawo tare da Waziri Ahmadu suka gamu da irin wannan wuta a Kwatarkwashi.

Mulkin Turawa ya raba maƙeri da kayan yaƙi ta hanya biyu. Ta farko, mai sayen ya tafi: babu hari, babu aikin sarki na makamai, hakimai kuma an fitar da su daga birni an zaunar da kowa a gundumarsa yana tara haraji, abin da ya sa Wudil ta zama mazaunin Makama. Lifidi da sulke suka koma kayan hawan salla. Ta biyu, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ƙarfen Turai da tarkacen reluwe, daga baya na motoci, suka cika kasuwa da arha, narka tama ya mutu cikin 'yan shekarun da ba su kai rayuwar mutum ɗaya ba. Asarar nan babba ce, domin ilimin fitar da ƙarfe daga dutse ya bi tsofaffin da suka san shi. Sana'ar ƙira dai ba ta mutu ba. Noman gyaɗa ya buɗe mata kasuwa, garmar shanu ta zo maƙera suka koyi yin bakinta da gyara ta. Philip Jaggar, wanda ya zauna da maƙeran birnin Kano a farkon shekarun 1970 ya kuma wallafa littafi a kansu a 1994, ya nuna mutane ne masu saurin karɓar sabon abu idan akwai mai saye. Dokar bindigogi ta 1959, wadda har yanzu ake aiki da ita, ta kasa bindigogi gida uku, ta hana ƙera su sai a ma'ajiyar makamai ta hukuma, in ban da irin harba-ka-ruga da ake iya ba da izininta. Daga nan maƙerin da ya taɓa bindigar zamani ya zama abin neman 'yan sanda.

Nijeriya mai 'yanci ta zaɓi babbar masana'anta guda. A 1964 aka kafa hukumar ƙera kayan tsaro ta DICON a Kaduna, kamfanin Fritz Werner na Jamus ta Yamma ya gina ma'aikatar a Kakuri, aka fara haɗa bindigogin Beretta na Italiya da harsasai bisa lasisi. Ta yi aiki sosai a yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Da yaƙi ya ƙare, Jamusawan suka tafi, kuɗi ya ja baya, har ta kai an fi sanin ma'aikatar da yin kujeru da kayan farar hula. A ɗaya ɓangaren yaƙin kuwa, Biyafara da aka toshe wa hanyar saye ta tara malaman jami'ar Nsukka da injiniyoyi da makanikai a wata ƙungiyar bincike da ƙira, suka yi nakiyar Ogbunigwe, suka tace mai a ƙananan matatu. Bayan yaƙi an kafa cibiyar PRODA a Enugu don a riƙe wani abu daga wannan fasaha, amma ba a ɗora ta a kan bukatun soja ba. Sau biyu ke nan, a Zinder da Biyafara, matsi ya sa hukuma ta biya kuɗin gwaji, da matsin ya wuce kuma aka koma saye.

Ƙasar da ta mayar da biyan kuɗin gwaji doka mai tsari ita ce Amurka. Wani jami'i mai suna Roland Tibbetts ya fara jarraba tsarin a hukumar kimiyya ta ƙasar a 1977, sannan a 1982 Shugaba Ronald Reagan ya sa hannu a dokar da ta kafa shirin da ake kira SBIR. Dokar ta ce duk ma'aikatar tarayya da take kashe sama da dala miliyan 100 a shekara kan binciken da take bayarwa waje, dole ta ware wani kaso ga ƙananan kamfanoni. Kason ya fara daga 0.2 cikin 100, ya riƙa hawa har ya kai 3.2 cikin 100 a 2017. Ƙaramin kamfani a nan shi ne wanda ma'aikatansa ba su wuce 500 ba kuma mafi yawan mallakarsa ta 'yan ƙasa ce. Ma'aikatu 11 ne suke ciki, ma'aikatar tsaro kuma ita ce mai kaso mafi girma. A 1992 aka ƙara wani shirin, STTR, wanda ya wajabta wa kamfanin ya haɗa kai da jami'a ko cibiyar bincike.

Gwanintar shirin tana cikin yadda ake sakin kuɗin. Rundunonin ƙasa da ruwa da sama kowacce takan rubuta matsalolinta, misali batir mai sauƙin ɗauka ko na'urar gano abin da aka binne, a buga kowa ya gani, a kuma ba da 'yan makonni da mai sha'awa zai yi wa jami'in da ya rubuta matsalar tambaya kai tsaye. A mataki na farko ana ba da kuɗi kaɗan na wata shida zuwa shekara, don a ga ko dabarar za ta yiwu. Wanda ya tsallake sai ya nemi mataki na biyu, kuɗi mai kauri na kimanin shekara biyu, ya ƙera samfuri. A farkon shirin iyakar kuɗin dala 50,000 ce a matakin farko da 500,000 a na biyu, a 1992 aka ɗaga zuwa 100,000 da 750,000, daga baya aka sake ɗagawa. Mataki na uku babu kuɗin shirin a cikinsa: ko runduna ta saya da kasafinta, ko 'yan kasuwa su zuba jari. Gwamnati ba ta karɓar hannun jari a kamfanin, ba ta neman a mayar mata da kuɗin idan gwaji ya faɗi, haƙƙin fasahar kuma yana zama na kamfanin. An kuma yarda runduna ta ba shi kwangilar mataki na uku ba tare da sabuwar gasa ba. Jami'in da yake riƙe da shiri irin wannan ya san tun farko cewa da yawa daga cikin ayyukan matakin farko ba za su je ko'ina ba. Aikinsa shi ne ya sa faɗuwar ta zo da wuri, tun kuɗin da aka kashe bai yi yawa ba. Kamfanin Qualcomm, wanda fasaharsa take cikin wayoyin hannu a ko'ina, ya ci wannan tallafi yana ƙarami, haka ma iRobot da ya yi wa soja na'urorin kwance bam.

Shirin yana da nasa ciwon. Babbansa shi ne ramin da yake tsakanin samfuri da saye: kamfani ya gama mataki na biyu lafiya, amma kasafin runduna an tsara shi shekaru biyu da suka wuce, babu layin da za a saya da shi, kafin a buɗe layi kamfanin ya talauce. Na biyu, an sami kamfanonin da suka mayar da cin tallafin sana'a, suna karɓar ɗaruruwan kwangilolin gwaji ba tare da wani abu ya kai hannun soja ba. Rundunar sama ta gwada wani magani a 2018, ta buɗe ƙofa kamfani ya kawo abin da yake da shi ko da ba a tambaya ba. Dokar sabunta shirin ta 2022 ta faɗaɗa wannan hanya, ta tsaurara sharuɗɗa kan masu yawan ci, ta kuma wajabta bincikar alaƙar kamfanoni da ƙasashen waje. Ingila ta kafa makamancin shirin a ɓangaren tsaro a 2016, Indiya ta kafa nata mai suna iDEX a 2018.

A Nijeriya yaƙin Boko Haram ne ya dawo da maganar, musamman bayan Amurka ta hana a sayar wa ƙasar jiragen yaƙi masu saukar ungulu samfurin Cobra a 2014. Rundunar sojan sama ta nuna jirgi marar matuƙi mai suna Gulma a 2013, sannan Tsaigumi a Kaduna a Fabrairun 2018, wanda aka yi da haɗin gwiwar wani kamfanin Fotugal. Kamfanin Innoson na Nnewi ya yi wa jiragen Alpha Jet wasu kayan gyara, Proforce na jihar Ogun yana ƙera motoci masu sulke, a Disamban 2019 kuma aka ƙaddamar da motar Ezugwu mai jure nakiya. Umarnin shugaban ƙasa na 3 na 2017 da na 5 na 2018 sun ce a fifita kayan gida da ƙwararrun gida wajen sayayyar gwamnati. A Nuwamban 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar DICON, wadda ta ba hukumar ikon kula da masana'antun tsaro, da jawo jarin 'yan kasuwa, da kafa cibiyar bincike. Ci gaba ne na gaske. Sai dai nauyinsa ya fi karkata ga saye da haɗin gwiwa da kamfanonin da suka riga suka tsaya da ƙafarsu, waɗanda suke da jarin da za su yi gwaji da aljihunsu.

Wudil ta yau ta tara abubuwan da irin wancan shiri yake bukata a wuri guda. Jami'ar kimiyya da fasaha ta jihar Kano ta fara aiki a garin a 2001, a 2022 aka sa mata sunan Aliko Dangote, tana yaye injiniyoyi da masana kwamfuta kowace shekara. Makarantar horar da manyan jami'an 'yan sanda, wadda aka kafa a 1988, ta koma mazauninta na dindindin a Wudil a 1996, daga 2012 kuma ta sami matsayin ba da digiri. Ranar Juma'a, ranar kasuwa, bayan karar shanu da garin ya yi suna da ita, maƙeran ƙauyuka suna baje fartanyoyi da laujuna da bakin garma da aka ƙera da sifirin ɗin mota, a bakin titi kuma masu walda suna haɗa ƙofofi da injin casa da amalanke. Bukatun tsaro da yawa ba su shafi bindiga ba sam, kuma ba su taɓa dokar 1959 ba: fitila da cajin rediyo mai aiki da rana, tace ruwan sha a daji, kayan gyaran mota, manhajar ajiye bayanai, ƙaramin jirgin leƙen gona da daji.

Ƙofofin kuɗin da suke akwai kowacce da wanda aka yi ta dominsa. Asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa, yana da tallafin bincike na ƙasa, amma malaman manyan makarantu ne suke nema, sakamakon kuma yawanci a rahoto da mujalla yake tsayawa. Sayayyar gwamnati tana bin dokar 2007, wadda aka gina a kan gasar farashi da kawo kayan da aka riga aka san siffarsu. Mai neman kwangilar tarayya ana tambayarsa rajistar kamfani, da takardar shaidar biyan haraji ta shekara uku, da shaidar biyan kuɗin fansho na ma'aikata, da shaidar ya taɓa yin aiki makamancin wanda yake nema. Kamfanin da ɗalibai uku suka kafa bara da wani mai walda a Wudil ba shi da shekara ukun, ba shi kuma da aikin baya da zai nuna, ko da samfurin da yake hannunsa yana aiki.